Minti Uku

Biza ta fito ranar Laraba,
taro kuwa tun Litinin aka buɗe.
Kafin in sauka Geneva
an gama shafi goma sha ɗaya.

Kujerata na can baya, kusa da ƙofar masu shayi.
A kati an rubuta Delfina Tarqui, Bolivia,
an cinye harafi ɗaya a sunan mahaifina.
Ban tanka ba.

Wani masanin kimiyya, mutumin kirki, mai sanyin murya,
ya haska duniya a bango, shuɗiya, ba tabo.
Ya ce jirage za su hau inda gajimare bai kai ba,
su barbaɗa farar wuta, laushinta ya fi na gari,
ta tare kaɗan daga hasken rana
ko zazzaɓin duniya ya sauka.
Ya ce a matsakaicin lissafi kowa zai ji sauƙi.

Ni ban taɓa gaisawa da matsakaicin mutum ba.
Kakata Nicasia na sani, can saman Achacachi,
mai shanya dankali kan ciyawa a watan Yuni.
Dare ya daskarar, rana ta narkar,
ta tattake shi da tsagaggen dunduniya har ruwan ya fita,
ya bushe, ya yi baƙi, ya shekara goma bai ruɓe ba.
Sanyi da rana ne 'yan ƙwadagonta.
Wa ya tambaye ta kafin a rage wa ɗaya aiki?

Kada a ce zafin bai dame mu ba.
Ƙanƙarar dutsen da nake leƙe ta tagar makaranta
yau saura furfura uku a kan mai sanƙo.
Ƙanena Wilmer ya sayar da tumakinsa,
yana El Alto yana kiran fasinja.
Hayaƙin ba daga murhunmu ya tashi ba,
amma idonmu ne ya yi ja.

Da aka ba ni minti uku
na zaro dankalin kaka daga aljihu,
na ajiye kan tebur. Ya ce ƙwas.
Na ce masa chuño, tafinta ya yi turus,
ya ce wa zauren, dutse.

Na ce, mun tashi muna jin
tafin hannu ba ya rufe rana.
Ga shi kun ƙera tafin da zai iya.
To hannun wa ne?
In laima ta karkata, damina ta tsallake gonarmu,
ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa, da wane harshe?
In an shekara talatin ana feshi,
sai yaƙi ya ɓarke, ko mai biya ya gaji,
zafin da aka tokare ya faɗo lokaci guda,
wa ke tsaye a ƙarƙashi?
Ban ce a yi ba, ban ce a bari ba.
Ku ba ɗalibanmu na'ura su yi nasu lissafin,
ku ba mu ƙuri'a mai nauyin taku,
mai ɗaki shi ya san inda…

Jar fitila ta kama. Murya ta ɗauke.

A layin shayi wata 'yar Bangladesh, Mahfuza,
ta riƙo gwiwar hannuna.
Ruwan gishiri ya cinye shinkafar babanta sau biyu,
ita tana ganin watakila a gwada.
Muka yi musu har shayin ya huce,
sannan muka rubuta jimla ɗaya a bayan takardar abinci:
ba a taɓa sama sai da yardar na ƙasa.
Ƙasashe tara suka sa hannu.
Tana shafi na goma sha biyu yanzu,
cikin baka biyu, alamar ba a amince ba tukuna.

Da dare na kira gida.
Kaka ba ta tambayi taro ba.
Ta ce, sun ba ki abinci?
Ta ce sama ta washe, taurari sun yi kusa,
yau sanyi zai sauka sosai,
bari in je in baza sauran.